Ƙahon Chindo Wanzami

Wanzami ba ya son jarfa, in ji masu magana, kuma wanda ya san Chindo na Tajaye zai rantse don shi aka yi karin maganar. Shekara arba'in yana rataye da zabira, ƙauye zuwa ƙauye, yana aski, yana kafa ƙaho, yana yi wa yara kaciya, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa gane abin da ke sa ƙato ya runtse ido don ya ga aska ba. Har zolayarsu yake yi. Sai da Allah ya kawo ranar da aka ce shi za a kwantar a yanka, sannan ya san tsoro ba ragwanta ba ne.

Abin ya samo asali ne daga amalanken shanu da ya kife da shi a hanyar dawowa daga kasuwa, shekara uku kafin wannan labari. Ƙugunsa na hagu ya daki dutse. Aka kira maɗori, ya ja, ya tofa, ya ɗaure, ya ce a ba shi kwana arba'in. Kwana arba'in suka zo suka wuce, wasu arba'in ɗin ma suka bi bayansu, ƙafa dai ba ta yarda ta ɗauki mai ita ba. Ta gajarce da kamar yatsa uku, ta juya waje, cinyar ta fara shanyewa. Chindo ya koma dogara sanda, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki. Tsugunawa kuwa ta gagara, alhali wanzamin da ba ya iya tsugunawa gaban mutum sunan wanzanci kawai ya rage masa. Ƙanensa Abarshi, wanda shi ma a hannunsa ya koyi sana'ar, shi ya riƙa zuwa gidajen suna a madadinsa.

A Birnin Ƙonni aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan da ya duba ya ɗaga hoton ga hasken taga, ya nuna masa inda kan ƙashin cinya ya kamata ya zauna mulmulalle a cikin raminsa. Abin da ke wurin ya yi kama da goron da gara ta ci. Ya ce kan ƙashin ya mutu, kuma mataccen ƙashi ba ya ɗoruwa. Sai dai a yanke shi a sa na ƙarfe. Ya ce su ba sa wannan aiki, sai an nemo wanda ya ƙware, kuma kada a yi ta jan jiki, don kowace shekara naman ƙafar ƙara tafiya yake, kuma akwai ranar da ko an sa ƙarfen babu abin da zai motsa shi. Chindo ya fito daga ɗakin da wannan magana ta ƙarshe maƙale a ƙirjinsa.

Nan aka shiga neman likita. Kowa da nasa gwanin: wannan ya ce Yamai, wancan ya ce Sakkwato, wani ya rantse da wani mutum a Kano da ya yi karatu a ƙasar Turawa. Chindo ba ruwansa da inda mutum ya yi karatu. Shi a iya saninsa, mai yanka ba a bakinsa ake gane shi ba, a tabon da ya bari ake gane shi. Don haka duk wanda aka yaba masa, sai ya ce a kai shi ya ga mutumin da ya yanka. Matarsa Tsahara ta ce wannan ai neman dalilin fasawa ne kawai, kuma ba ta yi ƙarya duka ba.

Na farko da suka gani wani direba ne a bayan tashar Ƙonni, wanda aka yi wa aikin a wani babban gari. Tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare su. Mutumin ya ɗaga zane ya nuna musu wani ɗan rami a tsakiyar tabon, bai fi bakin ƙaho ba, yana tsatsar da mugunya shekara biyu ke nan. Ya ce an sake buɗe shi sau biyu, a na uku aka cire ƙarfen gaba ɗaya, yanzu ƙafar rataye kawai take. Chindo ya yi masa sannu da murya mai kyau, ya fito, ya jingina da bango, ya yi amai. Da suka koma Tajaye, wata biyu bai yarda an sake tayar da zancen ba.

Abarshi ne ya dawo da labarin wani manomi a Tsarnawa da aka sa wa ƙarfe bara, wai har gona yake zuwa. Da ƙyar Chindo ya yarda aka ɗora shi a mota. Suka tarar da mutumin yana sussukar dawa, ya taso ya tarye su da ƙafafunsa biyu. Da aka gama gaisuwa Chindo ya roƙe shi su shiga zaure ya ga wurin. Ya daɗe yana bin tabon da ɗan yatsa, daga sama zuwa ƙasa. Layi ɗaya ne, babu inda askar ta tsaya ta yi shawara, babu inda ta koma ta gyara, ɗinkin kuma tazararsa ɗaya kamar an auna. Ya ɗago ya dubi Abarshi ya ce wanda ya yi wannan hannunsa ba ya gardama da zuciyarsa. Sunan likitan Abdulrazak, ɗan ƙasar ne amma a waje yake aiki; sau ɗaya a shekara yake zuwa wani asibiti a wajen Malbaza, bayan an cire amfanin gona, ya yi mako biyu, da ƙarafan da ya samo a cikin akwatuna, in sun ƙare ya koma.

A kakar shekarar dubu biyu da shida, ranar Talata, Chindo ya kwanta a gaban Likita Abdulrazak. Mutum ne siriri, mara yawan magana, da furfura kaɗan a gemu. Chindo bai kalli fuskarsa sosai ba, hannayensa ya tsare da ido: yadda ya kama gwiwa, yadda ya juya ƙafar ya tsaya daidai inda zafi zai fara, tun kafin a ce masa wash. Likita ya ce aikin zai yiwu, kuma gara da aka zo bana. Ya sa shi ranar Litinin mai zuwa. Chindo ya tattaro ƙarfin hali ya ce, shi ma mai aska ne, yana so a nuna masa inda za a bi. Likita ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki alƙalami mai shuɗin tawada, ya ja layi a gefen ƙugun, tsawon taƙi ɗaya. Babban ma'aikacin jinya, wanda kowa ke kira majo, ya lissafa musu dokoki: su koma gida su dawo Lahadi, kada ya sha wani jiƙo ko saiwa, daga yammacin Lahadi babu ci babu sha. Tsahara ta riƙe su ɗaya bayan ɗaya kamar karatun allo.

A gida tsoro ya samu fili. Chindo ya zauna a zaure yana ɗaga riga yana kallon shuɗin layin, yana tuna direban Ƙonni. Me ya ɓata aikin wancan bawan Allah? Ya juya abin ta kowace fuska, da ilimin da yake da shi, kuma amsa ɗaya ya samu: mataccen jini. Shekara uku jini yana kwance a ƙugun nan ba ya gudana. Duk wanzami ya san abin da ke fitowa in an kafa ƙaho a tsohuwar buguwa, baƙi ƙirin, guda-guda. To a ɗauki sabon ƙarfe a tsoma a cikin wannan? Ko fartanya aka bari a cikin danshi ai tsatsa take yi. Ban da haka ma, abin kunya ne a ce wanzami ɗan wanzami ya kai wa mai sana'a ɗan'uwansa wuri da dauɗa. Majo ya hana sha, ya hana ci, amma bai ce komai a kan ƙaho ba, don bai taɓa zuwa masa a rai ba cewa sai an faɗa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sa Abarshi ya ɗauko zabira. Ƙaho uku aka kafa, kuma don a share wa likita hanya sosai, a kan layin aka jera su, ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Abarshi ya tsotsa, fata ta taso, ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar. Jini ya fito baƙi kamar yadda aka zata. 'Yan'uwan biyu suka leƙa cikin ƙwaryar da aka juye shi, suka gyaɗa kai da gamsuwa irin ta waɗanda suka san aikinsu. Rabon Chindo da jin sanyi a ransa haka tun kafin ya ga direban nan.

Da safiyar Litinin majo ya zo wanke wurin. Ya ɗaga zane, ya tsaya, ya mayar da zanen a hankali, ya fita. Wannan fitar ta fi zagi tayar wa Chindo da hankali. Jim kaɗan sai ga likita, riga da hular aiki a jikinsa. Ya duba ƙananan tsagogin nan da suka yi jere a kan layinsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Baba, wa yay yi wanga aiki?"

Chindo ya ce, "Ƙanena na, lokotoro, amma ni nas sa shi. Mataccen jini munka ɗebe maka, don ka iske wuri da tsabta."

Likita bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗa da abin ya zo da sauƙi. Ya jawo kujera ya zauna. Ya ce ya san da kyakkyawar niyya aka yi, amma jinin da ke cikin jiki ba ya sa wannan ƙarfe tsatsa. Abin da ke kashe aikin shi ne ƙwayar cuta da ke shiga daga fata. Nama yana da jinin da zai yaƙe ta, ƙarfe ba shi da shi, in ta samu ta manne masa babu allurar da ke fitar da ita, sai dai a cire ƙarfen. Kowace tsaga a nan ƙofa ce, kuma ga su a daidai inda askarsa za ta ratsa. Sai a lokacin Chindo ya gane. Abin da ya gudar wa kansa, ashe shi ya je ya kira da hannunsa. Garin neman gira yana shirin rasa ido.

Likita ya ce ba zai yanka yau ba. Ranar Lahadi zai tafi, Asabar ce ranar aikinsa ta ƙarshe. Zai mayar da shi can ƙarshen layi, a riƙa wanke wurin kullum. In zuwa Asabar kowace tsaga ta kame ta bushe, babu wadda ta yi ruwa, zai yi. In ko ɗaya ta ƙi, sai baɗi.

Kwana biyar ɗin nan Chindo bai taɓa ganin masu tsawonsu ba. Daga gadonsa yana ganin ana tura mutane a gado mai taya, ana dawo da su a sume, bayan kwana biyu a ga an tayar da su tsaye suna dafa ƙarfen koyon tafiya, suna kuka suna dariya. Yana musu barka daga kwance. Abarshi ya kasa haɗa ido da shi, kullum yana bakin ƙofa kamar wanda ya zo biko. Tsahara ba ta ce ai ga irinta ba, ko sau ɗaya, sai dai yadda take ajiye kwanon fura ya isa bayani. Tsagogin kuwa suka yi ta kamewa, ɓawo ya rufe su, ranar Laraba har majo ya ce hannun Abarshi ba laifi, bai nutsa askar ba.

Ranar Alhamis da hantsi Chindo ya zura hannu ƙarƙashin zane, kamar yadda ya saba yi sau ɗari a wuni, yana bin tsagogin da kan yatsa. A ƙahon tsakiya, tsaga ta uku, yatsan ya tsaya. A ido babu abin da ya bambanta ta da sauran, ɓawonta ma ya fi nasu kyau. Amma akwai ɗan ɗumi a ƙarƙashi, da ɗan tauri kamar ƙwayar wake, kuma da ya danna sai ya ji zogi ya amsa daga ciki. Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya ce wa kansa tsoro ne kawai. Bayan azahar ya sake taɓawa, bayan la'asar ya sake, kuma kowane lokaci amsar ɗaya ce. Shekara arba'in yana taɓa irin wannan a jikin mutane, ya san ciwon da ya rufe baki da abu a cikinsa.

Ranar Juma'a aka buɗe wurin aka duba, kowa ya ga busassun ɓawo, aka ce gobe da safe, kada ya ci kome daga magariba. Tsahara ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Da ta fita ɗebo ruwa, Chindo ya yafito Abarshi, ya kama yatsansa ya ɗora a wurin. Ya ga yadda fuskar ƙanensa ta sauya, ya san shi ma ya ji.

Abarshi ya sunkuyo ya ce da ƙaramar murya, "Yaya, ka yi shiru. Ɗan abu na ƙanƙane, su da ad da allurai. In wanga mutum yat tahi, wa yas san baɗi?"

Tambayar nan ita ce ke cin Chindo tun jiya. Wa ya san baɗi? Wa ya san ko likitan zai dawo, ko zai samo ƙarafa, ko cinyar nan da ta koma kamar taɓarya za ta jira? In ya yi shiru, wataƙila maganin da za a wanke wurin da shi ya kashe abin, ya tashi da ƙafa kamar manomin Tsarnawa. Wataƙila kuma ya tashi da ɗan rami mai tsatsar ruwa har ƙarshen ransa. Ya auna wannan, ya auna wancan, kowanne ya ɗaga sai ya ji ya fi ɗayan nauyi. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya, kuma babu wanda zai iya karɓar masa ko ɗaya.

Asabar da sassafe aka sa masa rigar asibiti, aka ɗora shi a gado mai taya, aka tura shi har ƙofar ɗakin aiki. Ta ƙofar da aka buɗe ya hango fitila mai faɗi da wani tebur da aka rufe da koren ƙyalle. Tsakaninsa da tafiya da ƙafarsa bai fi taku goma ba. Likita ya fito, ya gaishe shi, ya ɗaga rigar don dubawar ƙarshe. Ya sunkuya yana bin tsagogin da ido, ya fara kai hannu ga na sama. Chindo bai san ko zai gano ba in ya iso tsakiya, kuma ya ji ba zai iya kwanciya yana jira a ga ko sa'a za ta rufa masa asiri ba. Bai taɓa sa aska a fatar da ya san tana da ruwa ba, ko ta ɗan wa, ko da uban yaro ya haɗa shi da Allah. Ya miƙa hannu ya kama yatsan likita, ya sauko da shi.

Ya ce, "Nan, lokotoro. Ta ukku. Danna da ƙarhi."

Likita ya dube shi, sannan ya danna. Ɓawon ya ɗaga ta gefe, wani ɗigon mugunya ya fito, fari, bai fi ƙwayar gero ba. Su biyun suka tsaya suna kallonsa.

Likita ya ce, "Tun yaushe kas sani?"

"Tun Alhamis."

Likita ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce da an bi ta nan, da abin da zai biyo baya sai dai a yi ta addu'a. Ya sa majo ya buɗe wurin ya wanke, a ba shi magani, cikin mako guda zai warke sarai. Chindo ya ji kansa yana tambaya, da wata murya da ba ta yi kama da tasa ba, ko zai dawo baɗi. Likita bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce niyyarsa ke nan, amma ƙarafan ba a hannunsa suke ba, sai abin da ya samu. In Allah ya kawo shi, Chindo ne na farko. Ya koya masa yadda zai riƙa motsa ƙafar kullum don kada naman ya ƙarasa tafiya, ya riƙe hannunsa ɗan lokaci, sannan ya ce a kira wata mata ta Illela da aka ce wa babu wuri bana, a yi mata a madadinsa.

Aka juya gadon aka fito da shi. Tsahara da ke zaune a baranda ta miƙe tsaye, ta ga idonsa biyu, ta ga babu ɗauri a ƙugunsa, ta koma ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Abarshi ya juya ya fuskanci bango.

Ana sauke shi a bakin ɗakinsu sai ga matar Illela an kawo ta za a ɗora a gadon da ya tashi. Dattijuwa ce ƙarama, tasbaha a dunƙule a hannunta. Ta ga an fito da shi daga can, ta zaci an gama masa.

Ta ce, "Malam, don Allah hwaɗa mini gaskiya. Da wuya?"

Chindo ya dube ta. Ya ce, "Hannun lokotoro na da kyau, Hajiya. Ni wanzami na, na san hannu. Tahi, kada ki ji tsoro."

Aka tura ta. Ya bi gadon da ido har ya sha kwana, ya ji ƙarar ƙofar ɗakin aiki ta rufe. Sai a lokacin shekarar da ke gabansa ta sauko masa gaba ɗayanta, rani da bazara da damina, da zauren nan da sandar nan, kuma tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a bakin ƙofar. Ya ce wa Tsahara ta ba shi ruwa, tunda babu sauran dalilin zama da ƙishirwa. Ta share ido ta miƙo masa moɗa. Ya karɓa da hannu biyu, amma hannayen suka ƙi tsayawa, ruwan ya yi ta zuba a kan rigar asibitin, sai ita ta riƙe masa ya sha.